Ƙofar da Aka Buɗe Don a Gaishe Ni

A duk garuruwan da na zauna, ban ga inda ake tausaya wa mai buɗe ƙofar mota ba. A Karachi na ga an shaƙe wani attajiri da wuyan rigarsa saboda ƙofarsa ta kayar da mai keke. A Istambul direban tasi kulle ƙofar ɓangaren titi yake yi, ko za ka yi kuka ba zai buɗe maka ita ba. A Kano, shekarun da nake kai yadi, jama'a ce ke yanke hukunci kafin ɗan sanda ya iso, amma ko a can, in hayaniya ta lafa, tambaya ɗaya ake yi: ka duba kafin ka buɗe? Na san wannan tun ina da ƙarfina. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina yi wa wani ɗan kasuwar Makka sayayya da tafinta a ƙasashen mutane, har bakina ya kama Urdu da ɗan Turkanci da Faransancin kasuwa, ban da Hausar da iyayena suka taho da ita ta Sudan da Larabcin da na tashi a cikinsa. Sanin nan bai amfane ni da komai ba ranar da abin ya faɗo kan mijin 'yata.

'Ya ɗaya Allah ya bar mini. A unguwar Utaibiyya, nan Makka, aka haife ta, a ɗakin da nake kwana har yau, kuma iyakar tafiyarta Madina da Jidda. Mijinta ma haifaffen Makka ne, amma fasfon Cadi yake riƙe da shi, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Mu irinmu haka muke zaune a nan: an haife ka a garin, ka binne iyayenka a garin, amma zamanka yana rataye da iƙama, ita kuma iƙama tana rataye da kafili, wato mutumin da kake yi wa aiki da sunansa. Surukina direba ne, yana rarraba wa wani mai shagunan kayan gida kaya a 'yar akori-kura fara. Takardar 'yata da ta jikokina uku duk a ƙarƙashin tasa suke. In tasa ta faɗi, duka sun faɗi.

Wata takwas kafin ranar da zan ba da labari, ya goge bayan wata mota a Aziziyya, aka rubuta laifin a kansa. Kafilin ya kira shi ya ce masa kai tsaye, in aka sake rubuta masa laifi ko na ƙwarzane ne, ba zai sabunta masa iƙama ba. 'Yata ce ta gaya mini, tana wanke shinkafa, ba ta ɗago kai ba. Tun daga nan surukina ya koma tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, har yaransa suna yi masa tsiya wai tsohuwa mai sanda ta fi shi sauri. Ranar da abin ya faru, saura wata biyu iƙamar ta ƙare.

Dole in koma baya kaɗan, domin a nan nawa hannun yake. Lokacin da yake neman auren 'yata, wata rana ya gan ni a bakin masallaci, ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya ɗaga mini hannu ya ce, “Kef halak ya ammi,” wato yaya kake, baffa. Haka samarin nan suke gaisuwa, ba raini ba ne a wurinsu. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na aika wa kawunsa cewa a gidana ba a gaishe da suruki daga kan kujerar mota, wanda bai iya saukowa ba bai iya riƙe mace ba. Na faɗi haka ne da alfaharin mutumin da ya ga duniya kuma yake ganin shi kaɗai ya rage yana riƙe da al'adar gida. Yaron ya ji kunya ƙwarai. Shekara goma sha biyu bayan nan, bai taɓa ganina a hanya ya wuce ba. Duk inda yake, duk saurin da yake yi, sai ya nemi wuri ya faka, ya diro, ya zagayo, ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa kwalta. Ina jin daɗin hakan. Ba zan ɓoye ba, nakan so a ce akwai masu kallo.

Ranar Talata ce, bayan la'asar. Na je Rusaifa duba wani tsohon abokina da ciwon suga ya kwantar, na fito ina tafe a gefen titi zan nemi mota. Titin matsattse ne, shaguna a jere, motoci a fake dama da hagu. Sai ga farar akori-kurar ta wuce ni, ta tsaya a gabana kamar taku goma, daidai ƙofar wani shagon kayan masarufi. Na gane ta.

Da na ƙarasa tagar da ke ɓangarena na ƙwanƙwasa, da mun gaisa ya wuce. Taku goma ne. Amma sai na tsaya cak, na gyara mayafin kafaɗata, ina jira a zo a gaishe ni. Ina tsaye a bayan motar, don haka komai a idona ya faru. Na ji ƙarar babur ta bayana. Ya wuce ni, mai kai abinci gidaje ne, da akwati a bayansa, yana bin jikin motocin da ke fake. A daidai lokacin ƙofar direba ta wangale gaba ɗaya, irin buɗewar mai gaggawa da ba ya son babba ya jira. Ban ji birki ba. Ƙara ɗaya na ji. Ƙofar ta lanƙwashe ta koma gaba, babur ɗin ya tafi shi kaɗai yana jan ƙasa, mutumin ya faɗi a kafaɗarsa, shinkafa ta watsu a titi.

Kafin in iso mutane sun taru. Mutumin ba yaro ba ne, zai kai arba'in da biyar, da furfura a gemunsa. Yana riƙe da kafaɗarsa yana kiran uwarsa da Urdu. Na durƙusa na yi masa magana da harshensa, na ce kada ya motsa. Da ya ji harshen garinsu a bakin baƙin tsoho, sai ya damƙe gefen rigata da hannunsa mai lafiya, bai sake saki ba.

Surukina ya tsuguna kusa da ni. Babu abin da ya same shi. Ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, don kada kowa ya ji.

“Baba, ka ce a buɗe take.”

Ya ƙara matsowa kusa da ni.

“Baba, don Allah. Ka ce tun ɗazu take a buɗe, ina sauke kaya, shi ne ya taho yana kallon waya. In a buɗe take, laifinsa ne, ko a raba mana. Baba, yaran.”

A shekara goma sha biyu, ranar ce ya fara kallon cikin idona. Kuma gaskiya ya faɗa game da doka. Ƙofar da ta daɗe a buɗe kamar dutse ce a hanya, mai tafiya ne zai kauce mata. Wadda aka buɗe a fuskar mutum kuwa, mai buɗewa ne da laifi. Duk shari'ar tana kan ƙiftawar ido biyu ko uku, kuma ba wanda ya ga wannan ƙiftawar sai mu uku.

Tun da akwai rauni, 'yan sandan hanya ne suka zo, waɗanda a nan muke kira murur. Saurayi ne ɗan sandan, siriri, da alama ya gaji. Ya fara da mai shagon, wani Bayamane mai tumbi da ke tsaye a ƙofa.

“Me ka gani?”

“Ni? Zaitun nake aunawa, ranka ya daɗe. Ƙara kawai na ji, na ɗauka tukunyar gas ce.”

“Kyamarar can fa?”

“Wannan? Tun Hajjin bara ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na bar ta ne don masu satar cingam.”

Aka yi dariya. Ɗan sandan ya juya ga surukina, shi kuma ya faɗi abin da ya shirya, da Larabci mai kyau irin na 'yan gari: ƙofa a buɗe take, yana shirin sauke kaya. Sai ɗan sandan ya tsuguna wurin mai babur. Larabcin mutumin bai wuce na lambar gida da “ga saƙonka” ba, zafin ciwo kuma ya kore masa ko wannan ɗin. Yana ta zuba da Urdu yana jan rigata.

“Ya Hajj, kana jin yarensa?”

“Ina ji.”

“To me yake cewa?”

Abin da mutumin ke faɗa a fili yake. Cewa yake, “Kawu, gaya masa a rufe take. Na rantse da 'ya'yana a rufe take, a fuskata ta buɗe. Kai ma kana wurin, na wuce ka.”

Na sha tambayar kaina abin da ya sa na yi abin da na yi. Zan so in ce tsoron Allah ne, tun da a cikin iyakar Harami muke kuma ban daɗe da sallame salla ba. Amma ban tabbata ba. Ni ba waliyyi ba ne, na yi ƙaryar kasuwa a harsuna biyar, na ce wa mai saƙa a Surat ta Indiya an yi mini tayin da ba a yi ba. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba a duk shekarun tafintata: ban taɓa sauya maganar mutum a tsakanin bakinsa da kunnen wani ba. Ranar da tafinta ya yi haka sau ɗaya, aikinsa ya ƙare, domin mutanen biyu makafi ne a hannunsa. Abin ya zame mini jiki har bakina ba ya jiran shawarata. Kafin in gama tunanin jikokina, na ji muryata tana cewa da Larabci, “Ya ce ƙofar a rufe take, a fuskarsa ta buɗe.”

Na tsaya a nan. Ragowar maganar, cewa ina wurin, na riƙe ta a baki. Amma ɗan sandan ba wawa ba ne, ya ga yadda mutumin ke nuna ni da haɓa.

“Ya ƙara wani abu. Me ya ce?”

“Ya ce ni ma ina wurin.”

“Kana wurin?”

Ga hanya nan a buɗe, wadda Bayamanen ya bi. In ce ina kallon ƙasa, in ce idona ya tsufa. Da maganar ta zama ta mutum biyu, ɗaya mai bakin 'yan gari, ɗaya baƙo, wataƙila a raba laifin, wataƙila kafili ya haƙura da rabi. Na dubi surukina. Ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji. Mutumin da ke ƙasa kuma har yanzu yana riƙe da rigata, kuma na san shi ma akwai wani kafili a bayansa, akwai wasu yara a wani ƙauye.

“Ina wurin,” na ce. “A rufe take. Amma shi ma mai babur ya matse jikin motoci sosai, kuma yana gudu.”

“Gudu nawa?”

“Ban sani ba. Gudu dai.”

Ya fara danna na'urar da ke hannunsa. Sai tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da wani jirgin ruwa ya kusa nitsewa da mu a tafiye-tafiyena. Na miƙe da ƙyar na riƙe hannun rigarsa, abin da ba a yi.

“Ɗana, ka saurara. Laifin nawa ne. Ka rubuta ni.”

“Kai ke tuƙi?”

“A'a.”

“Kai ka buɗe ƙofar?”

“A'a. Amma saboda ni ya buɗe. Mijin 'yata ne. Gaishe ni zai yi.”

“Gaishe ka? Ba shi da taga?”

“A wurinmu ba a gaishe da suruki ta taga.”

Ya dube ni, ya dubi surukina, ya girgiza kai. Ba da izgili ya yi maganar ba.

“Ya Hajj, wallahi a nan akwai gurbin direba na ɗaya, akwai gurbin direba na biyu. Babu gurbin suruki. Da akwai, da ni ma na sa nawa tun tuni.”

Aka sake dariya. Ya rubuta laifin gaba ɗaya a kan surukina. Motar asibiti ta ɗauki mai babur, sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga rigata. Surukina kuma aka tafi da shi, har sai an ga sakamakon asibiti. Da zai shiga motarsu bai dube ni ba.

Ni na kai wa 'yata labari. A Rusaifa suke haya, hawa na uku, ba nisa daga wurin. Na hau matakalar ina hutawa a kowane hawa, ba don gajiya kaɗai ba. Na gaya mata komai, ban rage ba, domin na san mijinta zai faɗa. Ita in ranta ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinta, sai Larabci zalla.

“Kai ka ba da shaida?”

“An tambaye ni.”

“An tambayi mai shago ma, ka ce. Shi ya fi ka wayo ke nan? Baba, kai da ka zaga duniya? Kalma ɗaya. Ban gani ba. Ko yaro ya iya ta.”

“Mutumin yana riƙe da rigata.”

“Ni fa? Ni me nake riƙe da shi?”

Ta shiga ɗaki ta rufe. Na zauna a falo da jikokina, babbar tana aji shida, tana yi kamar tana karatu.

Kwana biyu surukina ya yi a tsare. Ni kuma na yi su a asibiti. Ƙashin wuyan kafaɗar mutumin ne ya karye, da yatsu biyu. Na kai masa lemo da ruwan zamzam, na zauna muna hira. Daga wani ƙauye yake kusa da Multan, garin da na sani, na taɓa sayen zannuwan gado a can. Da na ambaci wata kasuwa sai ya fashe da kuka. Ban ɓoye masa dalilin zuwana ba. Na ce mai motar mijin 'yata ne, ina roƙon ya yafe haƙƙinsa a rubuce don a sake shi.

Ya daɗe yana kallona.

“Surukinka ne, kuma ka faɗi abin da na ce?”

“Na faɗa.”

“Kawu, kai mahaukaci ne,” ya ce, yana dariya yana riƙe kafaɗa. “A garinmu da 'yarka ta zuba maka barkono a shayi.”

Ya sa hannu da hannun hagu. Aka saki surukina. Na ɗauka mun tsallake. Na manta cewa yafewar mutum ba ta goge abin da aka rubuta.

Kafilin ya aiko masa da saƙo ta waya, layi biyu: ya kawo makullin mota, ya nemi wanda zai karɓi kafalarsa kafin iƙama ta ƙare, in bai samu ba za a buga masa fita ta ƙarshe, wato ya bar ƙasar. Na sa rigata mafi kyau na tafi Aziziyya wurin kafilin.

Mutumin jikan Hausawa ne, kakansa daga ƙasar Sakkwato ya zo Hajji ya zauna, su kuma sun samu zama 'yan ƙasa tun da wuri. Sa'an ɗan da zan iya haifa ne. Hausarsa ba ta wuce “sannu” da sunayen abinci ba. Ya karɓe ni da mutunci a ofishinsa da ke bayan shago, tsakanin kwalayen tukwane, ya sa aka kawo gahawa. Na ba shi labarin tun daga ranar da na aika wa kawun yaron saƙo. Na ce direbansa ba ganganci ya yi ba, biyayya ya yi, kuma ni na ɗora masa ita.

“Ya amm,” ya ce, “kakata ma haka take. In ka gaishe ta a tsaye sai ta ce ƙafarka ta katako ce. Na gane. Amma ni kaya nake sayarwa. Ya bar aikina ya tsaya gaisuwa da motata, a lokacina. Yau kafaɗa ce. Gobe in wuyan mutum ne fa? Sunana ne a kan motar.”

“Ka mayar da shi ɗaukar kaya a sito. Kada ya sake taɓa sitiyari.”

“Sitona cike yake. Kuma na faɗa a gaban ma'aikata duka cewa in ya sake, shi ke nan. In na janye, gobe wa zai ji maganata?”

Na ce yara uku ne, a nan aka haife su, ko sunan unguwa ɗaya ba su sani ba a can. Ya ce ya sani, yana kuma baƙin ciki. Na ce 'yata ce kaɗai gare ni, uwarta tana kwance a maƙabartar garin nan. Ya ci gaba da juya waya a hannu. Sai na ga ba ni da sauran magana a kowane harshe. Na zame daga kujera zan durƙusa a gabansa. Gwiwoyina suka ƙi, na tafi gefe guda na bugi kwali, murafen tukwane suka zubo da ƙara. Ya zaburo ya ɗaga ni yana cewa, “Astagfirullah, ya amm, haram, kada ka yi mini haka.” Ya kakkaɓe mini riga da hannunsa. Ya raka ni har titi, ya tsayar mini da mota. Abin da ya ƙara mana shi ne alkawarin ba zai hana kowa karɓar kafalar ba.

Kwanakin da suka rage na yi su a kan ƙafa. Na bi duk wanda na taɓa yi wa tafinta, na tarar rabinsu sun mutu, 'ya'yansu ba su san ni ba. Na je wurin mai gidan burodi a Utaibiyya, ya ce gurbin baƙi da aka ba shi ya cika. Na je wurin wani mai otal ɗin alhazai, ya ce in dawo kusa da Hajji, alhali saura wata biyar. Wani mai kamfanin ɗaukar kaya ya karɓi lambar iƙamar, ya duba, ya ga laifi biyu cikin shekara guda, ya mayar mini da takardar. Na tambaya ko 'yata za ta iya komawa ƙarƙashin tawa takardar. Aka ce yaran ubansu suke bi, ni kaina kuma tawa iƙamar alfarma ce da 'ya'yan tsohon maigidana suke yi mini saboda ubansu. Ko da ta yiwu, wace uwa ce za ta zauna a tura 'ya'yanta?

Surukina yana nasa yawon. Mukan haɗu a gidansu da yamma, kowa ya faɗi inda ya je. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sau ɗaya na ce masa, “Malam, ka yafe mini.” Ya ce, “Baba, ni na buɗe. Madubi yana nan, ban duba ba.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba mu samu kowa ba. Aka buga fitar.

Surukina yana da wani kawu a Injamena mai sayar da kayan gyaran mota, shi ya ce su taho. Na san garin, na kwana a cikinsa sau da yawa. Yaran suka dame ni da tambaya: akwai makaranta da Larabci? Akwai teku? Wutar lantarki tana ɗaukewa da gaske? Na ba su amsa gwargwadon abin da ba zai sa su kuka ba. Suka sayar da firji da kujeru, maƙwabta suka kwashe sauran. Babbar jikata ta kawo mini kyanwarta a kwali ta ce in riƙe mata, ba ta cin kifin gwangwani sai an wanke gishirin.

Ranar tafiya na je da sassafe. Gidan ya zama fanko, murya tana amsawa. Mijin ya sauka da yaran da akwatuna, mota tana jira za ta kai su filin jirgi a Jidda. 'Yata ta tsaya a kicin tana goge wurin da babu abin gogewa. Tun ranar hatsarin ba ta yi mini magana mai tsawo ba. Ta miƙo mini jakar magungunana, ta rubuta a jikin kowane kwali lokacin shansa da manyan baƙaƙe. Ta ce ta yi magana da matar maƙwabcina za ta riƙa aiko mini da abincin rana. Da Hausa ta yi maganar, a hankali, tana neman kalmomin.

Na ce, “Har yanzu kina ganin da na ce ban gani ba?”

Ta ninke tsumman ta ajiye a bakin famfo.

“Na yi ta tunani, Baba. Da ka faɗa, da mutumin nan ne aka kora da karyayyar kafaɗa. Na sani. Kuma da ban sake yarda da maganarka ba har abada, ko ka ce mini yau Juma'a.” Ta ja mayafinta ta rufe fuska. “Amma da ina nan.”

Aka danna mata oda daga ƙasa. Ta sumbaci goshina ta cikin mayafin, ta sauka. Ban iya bin ta da sauri ba. Kafin in kai hawa na ɗaya, na ji motar ta tashi.